Ganyen Inabin Sitt Wadad

Kwana ɗaya rak Sitt Wadad ta ba Makram. Ta ce za ta taso daga Bairut ta ga wannan kwarin Biƙa'a da yake son ya kai mata 'ya, in bai yi mata ba, to maganar aurensa da 'yar tata Gada ta mutu.

Bawan Allah ya yi iya yinsa. Ya biya da ita dutsen Baruk, inda itatuwan al'ul suka girmi kakan kakan kowa, ta ce sanyi. Ya kai ta Ba'albak, gaban ginshiƙan da sai hula ta faɗi kafin a ga ƙarshensu, ta ce duwatsu ne dai. A Zahle suka ci abinci a bakin kogin Bardawni, ruwa na gudu garau a gefen teburinsu, ta ce ƙarar ta sa mata ciwon kai. Kai, wannan mata! Wurin da baƙi ke zuwa su rasa bakin magana.

Da la'asar suka isa gidan giyar da yake aiki. Watan Mayu ne, kurangar inabi ta rufe gangaren, kore shar har gindin tsauni. Ya shiga ɗauko mabuɗin ɗakin gangunan giya, ya fito ya tarar da ita tsakiyar gona, takalma a hannu, tana tsinkar ganye tana cusawa a jaka.

"Dubi laushi!" in ji ta. "A Bairut tsofaffi ake sayar mana, ka naɗe shinkafa kamar a fatar takalmi."

Wannan ne farkon murmushinta a ranar, ga shi shekaranjiya aka yi wa gonar feshi. Ya karɓe jakar ya zazzage ta a ƙasa.

"Inna, ki yi haƙuri, wannan ba ya ciwuwa. Akwai magani a jiki."

"Jakata ka fizge? Tun ban ba ka ita ba?"

"Ko za ki hana ni ita, ba za ki ci wannan ba."

Ta ɗauki jakarta ta sa takalmanta. Shi kuwa ya saddaƙar cewa auren ya rushe, ya ce bari dai ta sha gahawa a gidansa kafin ta kama hanya. A tsakar gida akwai rumfar inabin da mahaifiyarsa ta dasa, shekara shida da rasuwarta. Sitt Wadad ta tsaya ƙarƙashi, ta murza ganye ɗaya, ta duba bayansa.

"Wa ke yi mata aski?"

"Ni."

"Feshi fa?"

"Ba ta taɓa gani ba. Ta ci ce."

Ta daɗe tana kallon rumfar, sannan ta tsinki ganye na uku daga kan reshe.

"Wannan ta fi ƙarfin bakin mutum ɗaya, asara kawai kake yi. Ka turo baffanka ranar Lahadi. Miƙo min kujera in hau, na sama sun fi kyau."