Motar Auta

Shekarun nan da soja suka koma bariki, aka gyara wa ma'aikata albashi, babu ƙaramin jami'in da bai kwana da mafarkin mota ba a Katsina. Malam Abbas na Ƙofar Kwaya shi ma ya samu tasa daga baya, wata ta hannu 'yar kwatano ruwan toka, ya kuwa ɗauki son duniya ya ɗora mata. Gidansu irin na cikin gari ne, babu gareji, sai dai ta kwana a waje gindin bishiyar bedi. Don haka ya kai ta wurin Ɗanliti mai wayarin mota, aka kwance ƙarƙashin sitiyari, aka yini ana haɗa wayoyi, aka sa mata sikiyoriti, wato ƙararrawar nan mai tsala ihu da an taɓa mota. Aka haɗa masa da ɗan rimot. Maɓalli ɗaya na kullewa ne, ɗaya na buɗewa, na ƙasan kuwa in ka danne ka riƙe, motar za ta tashi da kanta, ta yi ɗumi, in ba a zo ba ta mutu da kanta.

Kullum da safe sai ya tsaya tsakar gida da kofin koko a hannu, ya ɗaga rimot sama da katanga, yana wani ɗaure fuska sai ka ce jirgi zai tayar. Matarsa Rakiya ta sha yi masa tsiya a kan haka, shi kuwa ko taɓa rimot ɗin bai taɓa bari ta yi ba.

Ciwon da ya ɗauke shi bai daɗe ba. Aka yi zaman makoki, aka watse, Rakiya ta shiga takaba, motar ta zauna gindin bedi ganye na zuba a kanta.

Amma babban tashin hankalin gidan yana ɗakin da ke kusa da zaure, inda Inna Mairo take, mahaifiyar marigayin. Idonta ya tafi tuntuni, tunaninta ma ya fara bin sa. An gaya mata rasuwar, ta yi kuka har muryarta ta dushe, gari na wayewa ta manta. Da Rakiya ta kai mata koko sai ta tambaya ko Auta, haka take kiran marigayin, bai tashi ba ne, ba ta ji motarsa ba. Rakiya ba ta iya ƙarya ba, balle ga surukarta, sai ta durƙusa ta sake faɗa mata. Tsohuwa ta ɗora hannu a ka, mutuwar ta dawo mata sabuwa fil, ranar ko ruwa ba za ta sha ba. Haka aka yi ta yi, har Rakiya ta koma tsoron wayewar gari, Inna kuma tana ta zubewa a gaban idonta.

Wata safiya akuyar maƙwabta ta haye bonet tana miƙa wuya ga ganye, sikiyoriti ya kama ihu ya cika unguwa. Rakiya ta ruga ɗaki ta lalubo rimot a aljihun kaftanin mijinta da har yanzu ta kasa cirewa daga ƙusa. Ta fito tana danne-danne. Ihun ya tsaya. Can sai ta ji injin ya tashi a bayan katanga, da ɗan gurnaninsa da ta sani kamar tarin mijinta. Ta zauna a kan turmi.

Daga ɗakin kusa da zaure ta ji Inna tana cewa, “Yauwa, Auta ya tashi. Rakiya, ina kokon?”

Ranar ta shanye kofi tas, har ta nemi ƙari.

Tun daga nan Rakiya take tayar da motar kowace safiya. Ba ta taɓa ce wa Inna ga Auta nan ba, danna maɓalli kawai take yi, ta bar tsohuwa da abin da kunnenta ya gaya mata. Takan yi istigfari duk da haka. Kuma in za a faɗi gaskiya, ita ma tana son jin ƙarar.

To, ka san unguwa. Mutanen da suka shekara suna ganin motar nan tana tashi ba direba ba su ce uffan ba, yanzu da mai ita ya mutu sai abin ya zama abin al'ajabi. Masu dawowa daga masallaci suka koma tsallakawa ɗaya gefen. Wasu suka ce iskoki ne, wasu suka ce mai takaba ba ta da aiki da wasa da mota. Maganar ta yi ƙafa har Batagarawa, wurin Alhaji Lawal, yayan marigayin, mutum mai gudun a ambaci gidansu a bakin mutane.

Ya zo da la'asar ya tsaya a zaure, ita tana bayan labule. Suka gaisa, ya tambayi haƙuri, ya tambayi yara, ya tambayi jikin Inna. Sannan ya ce gobe zai zo da Ɗanliti a cire na'urar, ya tafi da motar wurinsa kafin a zauna rabon gado. Rakiya ta san ba ta da hurumin hanawa. Ta kuma san abin da shirun gobe zai jawo.

Ta ce, “Alhaji, alfarma ɗaya nika roƙo. Ka yi sammako, ka shiga wurin Inna tun ba ta karya ba. Abin da ka yanke bayan nan, shi ke nan.”

Washegari ya zo, ya bar Ɗanliti a waje da jakar kayan aiki, ya shiga ya zauna bakin tabarmar mahaifiyarsa. Rabonsa da ganinta da safe tun kafin rasuwar, shi mai zuwan yamma ne. Ta shafa hannunsa ta gane shi. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, sai ta ce Babba ne da sassafe haka? Suna cikin gaisawa ta karkata kunne wajen titi, fuskarta ta canza, ta tambaye shi ko lafiya ƙanensa bai tashi ba har yanzu.

Alhaji Lawal ya buɗe baki, maganar ta maƙale. Rakiya tana tsakar gida tana jin shirun nan, ta ba shi lokaci ya faɗa in zai iya. Bai iya ba. Ta ɗaga rimot sama da katanga ta danne.

Injin ya tashi. Ya ga yadda kafaɗun tsohuwa suka sauka, ta miƙa hannu tana laluben kofinta. Ta kurɓa, ta kasa kunne, sannan ta rage murya.

“Babba, in tambaye ka. Kullum ina jin ya tada ta, amma ban jin ya tahi. Ko sun kore shi aiki ne shika ɓoye mani?”

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya tashi ya fito zaure yana goge ido da bakin babbar riga. Ya leƙa waje ya ce wa Ɗanliti kada ya cire komai, ya dai rage wa ƙararrawar kaifi don akuya ta daina tada unguwa. Sannan ya juyo wajen labule ya nemi makulli, ya ce rimot ya zauna wurinta.

“Ki riƙa tada ta kamar yadda kika saba. Ni zan riƙa zuwa in hita da ita, in maido ta da yamma.”

Batagarawa ba nan kusa ba ce ga mai sammakon kullum, ta san haka, shi ma ya sani. Ta miƙo makullin ta gefen labule.

Ɗanliti ya nuna masa ya fara sa makulli ya murɗa kafin ya taka birki, in ba haka ba injin zai mutu. Rakiya ta ji an rufe ƙofa, ta ji taya na murƙushe busasshen ganye, ƙarar ta bi lungu tana raguwa har ta ɓace a cikin hayaniyar masu acaɓa. A ɗaki Inna ta yi ajiyar zuciya, ta yi wa ɗanta addu'ar a dawo lafiya, ta ci gaba da shan kokonta.

Rakiya kuwa ta tsaya a tsakar gida. Ranar da aka fita da gawar mijinta ba ta gani ba, mata sun rufe ta a ɗaki. Sai yau ta ji tafiyarsa da kunnenta. Ta shiga madafi, ta ja ƙofa don kada Inna ta ji, ta toshe baki da mayafi ta yi kukanta.