Rabon 'Ya'yan Tarwaɗa

Ranar da likita ya ce sai an yi wa Malam aiki a ƙashin baya, kuma zai kwana ashirin a wani asibiti mai nisa, bai tambayi ko zai sake taka ƙasa da ƙafarsa ba. Abin da ya tambayi matarsa a mota shi ne wa zai duba masa kifi.

Malam tsohon malamin kimiyya ne. Tun da ya bar aiki ya mayar da ɗakin baƙi ɗakin kifi: akwatunan gilashi huɗu a kan teburan ƙarfe, injin iska yana gurnani ba hutu, ma'aunin zafi a manne a kowane gilashi. A babban akwatin akwai 'yan tarwaɗa goma sha biyu, na ado ne ba na tukunya ba, kowacce ba ta wuce tsawon babban yatsa ba. Masu ɗigo-ɗigon baƙi ne da gajeren gashin baki, yini suke suna tonon yashi kamar kaji a juji. Shekara uku yana neman su yi masa ƙwai, ko guda bai gani ba.

Matarsa za ta bi shi jinya, 'ya'yansu duk suna nesa. Inna, mahaifiyar Malam, ita ta yanke magana.

"Ka ba ƙaninka mukulli."

"Inna, gara na buɗe ƙofa na bar wa kyanwa."

"Na ce ka ba shi."

Ƙanin mai gyaran famfo ne, kowa a unguwa Sifana yake kiransa. Shekara goma sha ɗaya ke nan tsakaninsa da yayansa sai gaisuwar dole. Ya samo asali ne daga wani taron dangi, inda Malam ya ce a gaban kowa hannun Sifana bai taɓa taɓa abu ya bar shi da lafiya ba, tun daga karatun da ya watsar. Tun daga ranar Sifana bai ƙara taka gidan yayansa ba.

Ya je karɓar mukulli don Inna kawai. Malam bai ce masa ya zauna ba. Ya miƙa masa takarda shafi uku.

"Ka iya karatu har yanzu ko a karanta maka?"

"Na iya na rasit, Yaya. Shi ke ciyar da ni."

"Abinci rabin cokali da safe. Hitar ɗumama ruwa kada ka taɓa ta. Ruwa ka canza bokiti ɗaya ranar Asabar, na famfo, ka ɗumama shi sai ma'auni ya nuna ashirin da shida. Na taɓa jin maganar wani sakarai na zuba musu na firji, biyu suka mutu. Idan na dawo na tarar da ɗaya ya kife ciki, ni da kai ne."

"Da can ni da wa ne?"

Matar Malam ta shiga tsakani da zancen jaka da magunguna, Sifana ya sa mukulli a aljihu ya fita.

Kwanakin farko yana shiga ne kamar mai biyan tara. Ya watsa abinci, ya ja ƙofa. A rana ta huɗu ya zauna a kujerar Malam don ya ɗaure takalmi, sai ya ga ɗaya daga cikin tarwaɗun ta taso daga ƙasa a guje ta shaƙi iska a sama ta koma, wata kuma ta kwanta a kan ganye tana juya ido kamar mai ƙyafta masa. Ya yi dariya shi kaɗai. Da ya duba agogo ya yi kusan awa, ga mai gidan da zai gyara wa tanki ya kira shi sau uku.

Ranar Asabar ya buɗe famfo, sai tari yake ba ruwa. Injin da ke ɗaga ruwan gidan ya ƙone. Gyara shi aikin rabin yini ne a wurinsa, amma ya rantse ba zai sa sifana a kayan Malam ba, don kada gobe a ce shi ya lalata. Ya koma gidansa ya ciko jarka uku daga duron da yake tarar ruwan sama. Ya ga ɗumama ruwan wahala ne, sai ya zuƙe kusan rabin akwatin da tiyo, ya juye ruwan duro da sanyinsa. Da ya ga ma'auni ya sauka zuwa ashirin da biyu, sai ya tsaya yana jiran ya ga wanda zai fara kifewa.

Ba wanda ya kife. Sai ma suka haukace, suna bin juna sama da ƙasa a jikin gilashi kamar yaran da aka tasa daga makaranta.

Da safe ya tarar da ƙwai. Ƙanana, farare-farare, kamar an watsa gero a jikin gilashi, nan biyar can takwas. Wata ƙatuwa a cikinsu tana yawo da wasu a maƙale tsakanin fikafikan cikinta, tana neman inda za ta manna. Wasu biyu kuwa sun riga sun fara kalaci da na ƙasa.

Ya hau babur sai shagon mai sayar da kifin ado, wani dattijo mai tabarau da ke bayan tashar mota. Dattijon ya ajiye ragar hannunsa.

"Na Malam? Masu ɗigon nan? Kai, ka san shekara nawa yana zuwa nan yana min ƙorafi? Maza ka koma ka kwashe, iyayen cinyewa za su yi. Da yatsa za ka murza a hankali, suna da tauri. Wanda ya yi fari fat ka cire shi, ruɓewa zai yi ya shafi sauran."

Sifana, mutumin da tafin hannunsa ya yi kanta don murɗa bututu, ya yini a durƙushe yana murzo ƙwai ɗaya-ɗaya yana mannawa a cikin robar abinci. Ya samu sittin da wani abu. Kullum da safe ya tsince masu fari da tsinken sakace. A rana ta biyar ya ga wasu abubuwa kamar gashin ido suna motsi a gindin roba. Ya kira matarsa a waya yana ihu, ta ɗauka hatsari ya yi.

Renon ya fi ƙyanƙyasar wuya. Ya ba su ƙwanduwar dafaffen ƙwai, ya cika hannu, ruwan ya yi wari, washegari ya kwashe gawa goma sha tara. Ya zauna a bakin ƙofa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Daga nan ya koyi ba su abin da bai wuce kan allura ba, sau huɗu a rana, yana barin aiki a tsakiya ya zo ya koma. Ranar da aka sallamo Malam saura ashirin da uku, kowanne ya fara fitar da gashin baki.

Malam ya shigo da sanda, matarsa na riƙe da shi. Bai nufi gado ba, ɗakin kifi ya nufa. Ya ƙirga manyan, sha biyu cif. Sai idonsa ya kai kan robar. Ya sunkuya duk da ɗinkin bayansa, ya daɗe yana kallo. Sifana yana tsaye a baya yana jiran kalma ɗaya.

"Wa ya ce ka taɓa min ƙwai?"

"Cinyewa suke yi."

"Nawa ne da farko?"

"Sittin da 'yan kai."

"Ka kashe arba'in ke nan."

Matar Malam ta ce, "Haba Malam, ko sannu?"

"Sannu da me? Shekara uku ina kiwata su, ina auna ruwa, ina rubutawa. Lokacinsu ne ya yi. Ko kare aka bar wa mukulli da sun yi ƙwan nan." Ya juyo. "Me ka zuba musu?"

Sifana ya zaro mukulli daga aljihu. Da niyyar faɗa masa gaskiya ya zo, har da jarka ɗaya ta ruwan duro a kan babur, amma ya fasa.

"Abin da ke takardarka na bi, Yaya. Shafi uku. Ai ka ce lokacinsu ne."

Ya ajiye mukulli a kan akwatin ya fita.

Magana ta kai kunnen Inna. Ta sa aka kira su duka biyu, ta ce ita ba ta ga abin faɗa a kifin da ko miya ba zai yi ba, amma wanda ya yi reno yana da haƙƙi, a raba 'ya'yan biyu. Malam ya ce ya ji, sai dai yanzu ƙanana ne, ɗaukarsu kisa ne, a bari su yi ƙwari.

Sifana ya yanko gilashi ya haɗa akwatinsa da hannunsa, ya wanke yashi sau bakwai, ya ajiye a falo inda talabijin take. Matarsa ta ce ta ga ranar da za a fara kallon ruwa a gidan nan. Wata biyu ya aika, aka ce ba su isa ba. Wata biyar, haka. Sai a wata na takwas matar Malam ta kawo masa bokiti da kifi bakwai a ciki, ta ce sha huɗu ne suka rayu. Ba ta yarda sun haɗa ido ba.

Ya ba su tsutsa, suka yi sheƙi. Da ruwan sama ya dawo ya zuƙe rabin akwati ya juye na duro. Suka yi ta tsere a jikin gilashi, ya kwana da murna, da safe gilashi fes. Ya sake bayan mako. Ya sake. Sau shida, ko ƙwai ɗaya. Ya kwashe su a bokiti ya kai wa dattijon shago.

Dattijon ya gyara tabarau ya leƙa daga sama, bai yi minti ɗaya ba ya fara dariya.

"Ɗana, ko shekara goma za ka yi kana zuba ruwa. Mace daga sama ake gane ta, faɗi gare ta kamar cokali. Waɗannan duk sirara ne. Ƙungiyar gwauraye aka haɗa maka."

"Duka bakwai?"

"Duka. Kuma wanda ya zaɓo su ya san abin da yake yi. Sai sun kai wata bakwai ko takwas ake bambancewa."

"To sayar min da mata biyu."

"Irin wannan? A garin nan mutum ɗaya ke da su, kuma nono ɗaya kuka sha."

Da bokitin a hannunsa ya shiga gidan Malam, ko sallama bai ƙarasa ba. Ya tarar da shi a kujera gaban babban akwati da littafinsa a cinya. Gilashin fes, babu ɗigon ƙwai. Sifana ya dire bokitin har ruwa ya fallatsa a kan takalmin Malam.

"Wata takwas kana jira don ka tsince min maza."

"Inna ta ce a raba biyu. Bakwai da bakwai. Ko lissafin ma ya gagare ka?"

"Kai da ke da matan, ina ƙwan? Shekara ta kusa zagayowa. Ko lokacin nasu bai sake yi ba?"

Malam ya rufe littafin da ƙarfi. "Ka zuba wani abu. Na auna ruwan da na dawo, ba irin nawa ba ne. Ka zauna ka yi min ƙarya a cikin gidana."

"Ƙaryar da ta haifi ashirin da uku ta fi gaskiyar da ta shekara uku ba ta haifi komai ba. Ba ni mata biyu na faɗa maka."

"Faɗa tukuna."

"Kamo tukuna."

"Ni zan yi ciniki da kai? Yaron da na wanke wa kashi?"

"Ka daɗe kana cin wannan bashin na wankin kashi, Yaya. Gemuna ya yi furfura."

Matar Malam ta shigo daga kicin hannunta da kumfar sabulu. Ta zari 'yar ragar da ke rataye, ta tsoma a akwatin.

"Ke! Me kike yi? Za ki karya musu ƙaya!"

"Shekara huɗu ina share ruwa a ɗakin nan," ta ce, tana bin wata mai faɗi a lungu. "Ba baƙon da ya kwana a gidana tun da kifi suka karɓe ɗakin. Bokitin can ni aka aika da shi, na kai ina jin kunya. Yau sai an gama."

Ta kamo biyu ta juye a bokitin Sifana, ta kamo sirara biyu daga bokitin ta mayar akwati. Malam ya yunƙura zai tashi, bayansa ya hana shi. Ta juya ga ƙanin mijinta.

"Saura kai. Faɗi."

Sifana bai kalli yayansa ba. "Anti, ki gaya wa mijinki ruwan sama ne na duro. Rabin akwati, da sanyinsa, kada a ɗumama."

"Ruwan rufin kwano?" Malam ya ce. "Da tsatsa da kashin tsuntsu? Ƙarya yake. Wannan jahilci ba zai shiga akwatina ba."

"Ki ce masa ya bari, Anti. Ba dole."

Ya ɗauki bokitinsa ya fita.

Kwana goma sha biyu bayan haka gilashin falon Sifana ya wayi gari da ƙwai. Ya kai wa Inna hoto a waya, ta duba ta ce Allah ya raya, ta tambaye shi ko ya gaya wa yayansa. Ya ce waya ba ta shiga.

Wata rana da hantsi aiki ya bi da shi ta layin Malam. Daga kan babur ya hango sabon duro shuɗi a gindin indararon gidan, an jona masa bututu da leda da igiyar roba. Mahaɗar a karkace take, duk ruwan da ya sauko rabinsa bango zai bi. Aikin minti biyar ne, kuma kayan suna cikin jakarsa. Ya rage gudu ya ƙare wa mahaɗar kallo, ya ga labulen ɗakin kifi ya motsa. Ya ƙara wuta ya wuce wurin aikinsa.