Mutum Bakwai Cikin Dubu Huɗu

Babbar nas ta turo ƙofar ofishin rajista ko sallama babu, ta dafa tebur tana haki.

"'Yar Kwamfuta, wata maijego ce jini ya ɓalle mata. O negatib take buƙata, leda ɗaya ta rage mana. Buɗe jerin masu ba da jini mu bi su ɗaya bayan ɗaya."

"Anti, mutum dubu huɗu ne fa. Ba ni minti biyu."

Wata uku ke nan ma'aikaciyar rajistar tana zuwa ajin koyon rubuta manhaja duk Asabar, abin da ya jawo mata wannan laƙabin. Makon jiya aka koya musu umarnin filta: a miƙa masa jeri tare da ɗan sharaɗi, ya bi kowane suna ya auna, wanda ya cika ya tsaya, saura su zube. A aji da sunayen bogi suka gwada.

Ta rubuta sharaɗin rukunin jini, ta danna. Allon ya nuna sifili.

Ta leƙa jerin, ashe da ƙananan haruffa aka shigar da rukunin. Ta gyara, dubu huɗu suka koma ɗari da sittin. Ta ɗora filta na biyu: wanda bai ba da jini ba cikin wata uku. Na uku: mazauna kusa da asibiti.

"Bakwai, Anti, bakwai!" Ta miƙe tsaye har kujera ta kife.

Nas ta gyara tabarau. "Ikon Allah. Ashe ba yawo kike zuwa ba."

Suka raba lambobin. Ta farko a kashe, na biyu ya ce ga shi nan a kan babur. A suna na uku yatsan ma'aikaciyar rajistar ya tsaya cak. Mijinta ne, mutumin da ko allurar rigakafin 'yarsu ba ya iya kallo.

Ta kira shi. "Abban yara, yaushe ka yi rajistar ba da jini?"

"Lokacin da nake neman aurenki. Ganinki kawai na zo yi, kika miƙo min fom."

"To, ana nemanka yanzu."

Ta ji ƙarar saukar ƙofar shagonsa.

"Za ki riƙe min hannu dai ko?"