Kunnen Kofur

"Ba inda za ni," in ji Mai Walda. Yana zaune a kan benci, ƙafarsa ta hagu a cikin robar ruwa, ta kumbura ta yi suntum. 'Yarsa na tsaye riƙe da jakar kayansa, mai tasi kuma sai danna hon yake a waje.

Ni maƙwabciyarsa ce. Katanga ɗaya ta raba ɗakin ɗinkina da tsakar gidansa, kuma tun da na tare a layin ba mu taɓa gaisuwar arziki ba. Shi ya ce kekena na hana shi barcin rana, ni na ce karensa na kore min masu kawo ɗinki. Ranar ma ba dubiya ce ta shigo da ni ba, wari ne ya ishe ni.

Karen nan, Kofur, ya daɗe yana fama da ciwon kunne. Kullum cikin kaɗa kai yake, yana susa har jini, ruwa mai ɗoyi na ɗiga. Tsohon kuwa ya naɗa kansa likita. Duk sanda aka ba shi kafso saboda gyambon ƙafarsa, sai ya sha ɗaya, ya fasa ɗaya ya zazzage garin a kunnen kare. Da sun ɗan ji dama su biyun, sai ya zuba sauran a gwangwani ya ajiye don gaba. Na sha gaya masa ta kan katanga cewa wannan hauka ne, ya ce in ji da allurata.

"Baba, likita ya ce ƙafar nan ba za ta jira ba," in ji 'yar.

"Kofur fa?"

"A kai shi bola mana. Wa zai riƙe wannan ƙazantar?"

"To a kai mu tare."

Na ce, "Malam, in mutuwa za ka yi, je ka yi ta a asibiti. Kada ka ruɓe mana a layi."

"Ke wa ya gayyato ki, uwar gulma?"

"Warinku. Miƙo sarƙar."

Ya ƙura min ido. "Guba za ki ba shi."

"Da ina da niyya da tuni na ba ku, ku biyun."

Ya daɗe yana shafa kan karen kafin ya miƙo. Da aka ɗaga tsohon za a sa a mota, bai ce min na gode ba, ni ma ban ce Allah ya sawwaƙe ba.

Na kai Kofur wurin likitan dabbobi don in huta da ɗoyi. Ya ɗebi ruwan kunnen da auduga ya aika gwaji. Da sakamako ya dawo ya ɗaure fuska.

"Wa ke ba shi magani rabi-rabi? Ƙwayoyin cutar sun saba da shi, ba ya kashe su yanzu. Saura guda ɗaya da suke tsoro. Ki ɗiga masa har kwalbar ta ƙare, ko da kin ga ya warke."

A asibiti na tarar 'yar tana kuka a baranda. Ita ma abin da aka gaya mata game da babanta ke nan, sai dai shi babu ko maganin guda ɗayan. An canza masa allurai har an gaji, cutar ta shiga jini.

Ya rame kamar ba shi ne ke ɗaga ƙofar ƙarfe shi kaɗai ba. Da ya gan ni ya yamutsa fuska.

"Kin kashe shi?"

"Ya fi ka lafiya. Kunnen ya fara bushewa."

"To ki tsai da maganin haka. Ki ajiye saura."

"Har a gadon nan ba ka daina ba?"

Ya juya min baya. Haushi ya kama ni har na ji kamar in mare shi, ga kuma tausayi. Na ɗauki jakata na fito.

Kafin mako ya zagayo ya rasu. 'Yar ta kwashe abin da za ta kwashe, ta sa wa gidan kwaɗo, ba ta ko tambayi karen ba. Gwangwanin nan na gan shi a kan shara, cike da kafso kala-kala.

Na ɗiga wa Kofur maganin har ɗigon ƙarshe, yana min gurnani ina zaginsa. Kunnen ya warke sarai, kumburin da ya toshe shi ya sace, yanzu komai yana ji. Yana kwance a bakin ƙofata, sai in wani tsoho ya biyo layin yana jan silifa kamar yadda Mai Walda ke yi, ya ɗago kai, kunnen ya miƙe. Nakan ɗauke ƙafata daga kan keke har takun ya wuce.