Sabon Inji a Motar Alhaji Atiku

Inna Larai ta ce ba za ta bar Kamarawa ba sai a motar mijinta, kuma duk wanda ya san Inna ya san ba ta magana biyu. Idanunta sun mutu tun kafin rasuwar Alhaji Atiku, amma kunne da taurin kai suna nan daram. 'Yan bindiga sun addabi ƙauyukan kewaye, maƙwabta suna ta kwashe tsofaffinsu zuwa cikin gari, ita kuwa tana bisa tabarma tana jan carbi.

"Cikinta yak kawo ni gidanga," in ji ta, "cikinta za ni hita."

Autarta Naja'atu ce ke jinyarta. Ta baro miji da 'ya'ya a Isa da sunan kwana biyu, ga shi har an yi shuka. Ba za ta tafi ta bar tsohuwa makauniya ba, tsohuwar kuma ba za ta motsa ba sai motar nan ta zo.

Motar doguwa ce baƙa, 'yar Amurka, wadda Alhaji ya saya a Maraɗi zamanin da fataucin shanu ke yi da shi. Kukanta mai kauri ne, a natse, kamar saniya na kiran ɗanta, kuma sai ta yi tari biyu take tashi. Tun daga bakin gari Inna ke jinta ta ɗora ruwan wanka. Yanzu motar tana Sabon Birni, gidan Marwan, yayan Naja'atu, kaji na ƙwai a cikinta.

Abin da Naja'atu ta roƙa ba shi da yawa: batir, tayoyi, a wanke mata ciki, ta tashi ko sau ɗaya ne. Amma ta manta wa take roƙo. Marwan mai shagon waya ne, yakan wuni a bidiyo yana kallon Turawa suna gyaran tsofaffin motoci, har ya ɗauka shi ma da su aka haife shi.

"Bar mani, ƙanwata," ya ce a waya. "Za ni maishe ta abin kallo. Gobir duk ba a taɓa ganin irinta ba."

"Yaya, ba kallo muka so ba. Inna za a ɗauko."

Ko sauraronta bai yi ba. Ya sa aka tsige tsohon injin, aka kawo wani daga Kwatano, da wata na'ura mai hura masa iska wai ita turbo. Aka sa tayoyi masu faɗi, aka yanke salansa don ta yi ƙara. Doguwar kujerar gaba, wadda Alhaji da Inna ke zama tare, aka jefar, aka dasa wasu 'yan kujeru biyu masu matse kwankwaso. Sannan ya shafe ta da jan fenti. Kullum sai ya turo wa Naja'atu bidiyo, ga shi nan ya jingina da mota ya harɗe ƙafa, ƙato da shi, da gemu, yana wasa da ƙarfe kamar wanda ba shi da uwa a bakin daji. In ta tambayi yaushe, ya ce saura burki. In ta sake tambaya, saura fitilu. Gero ya yi kai, aka yanke, Marwan yana saura.

Da ya ce ya gama, ta ɗaure kayan Inna cikin zani, ta ajiye bakin ƙofa. Bai faɗi rana ba, wai yana so ya ba su mamaki.

Da hantsi mata na sussuka aka ji ƙarar. Mutanen Kamarawa sun koyi sauraron hanya, sun san abin da rugugi irin wannan ke nufi: babura da yawa. Sai salansa ta buga, tau! tau! Wani ya yi ihu, "Ga su nan!" Aka zubar da taɓare, aka suri yara, gari ya watse cikin gonakin dawa. Naja'atu ta goya uwarta ta ruga, ta faɗi, ta tashi, gwiwa na jini, ta kwantar da ita tsakanin karare ta rufe ta da jikinta. Tana jin zuciyar tsohuwar na bugawa, bakinta na salati.

Can sai ga odar mota, sai ga murya.

"Wai ina mutanen garinga? Ba mai tarbar mutum?"

Naja'atu ta fito. Ga Marwan tsakiyar gari, baƙin tabarau a ido, ya ɗaga waya sama yana ɗaukar kansa, har da ɓata rai don bai samu 'yan kallo ba. Maza suka dawo ɗaya ɗaya, ba wanda ya ba shi hannu. Naja'atu ta dube shi, ta ji ko zagi ya fi ƙarfinsa, asara ce a kashe masa yawu. Ta haɗiye, don motar dai ta zo. Ta koma ta riƙo hannun Inna.

Inna ta shafa jikin motar a hankali. Ta laluba cikin taga tana neman doguwar kujera, hannunta ya faɗa rami tsakanin kujeru biyu. Ta janye hannunta.

"Tashe ta in ji."

Marwan ya murɗa makulli yana washe baki. Ba tari, ba komai, sai wata kururuwa da ta sa awaki tsinke igiya. Inna ta ja da baya.

"Wagga ba motar Alhaji ta ba."

"Inna, ita ta! Jikin nata na. Inji ɗai nis sake, wanga ya hi wancan sau goma."

"Ina wancan?"

Ya sosa ƙeya. "Na saishe ma 'yan gwangwan. Ƙarhen banza na, Inna."

Inna ta gyara lulluɓinta. Ta juya ta miƙa hannu. "Naja'atu, kai ni ɗaki."

"Inna, don Allah," in ji Naja'atu, "ki shiga haka nan. Ki tuna ɗiyana."

"Ke tahi wurin ɗiyanki, na yahe miki. Ni ina jiran mota."

Naja'atu ta kai ta ɗaki ta zaunar da ita. Da ta fito, Marwan na goge ƙofar mota da hannun riga inda tsohuwar ta taɓa. Ya miƙo mata waya.

"Riƙe ki ɗauke ni, tunda dai na zo."

Ta wuce shi kamar ba mutum a wurin. Ta ɗauki ƙunshin da ke bakin ƙofa, ta kwance, ta fara mayar da kayan Inna inda suke.