Kafin Ƙararrawa Ta Tsaya

Malama ta kasa zama. Kujerar ɗakin jiran ofishin yayanta a majalisa mai laushi ce, amma tana zama sai ta miƙe, ta leƙa taga, ta dawo, ta gyara mayafin da babu abin da ya same shi. Shayin da sakatariya ta kawo mata ya huce a kan tebur.

A ranar majalisa za ta yanke hukunci kan kuɗin rundunar da aka tura ƙetare. In an amince, sojojin su ƙara shekara a can. In an hana, gwamnati ba ta da abin riƙe su, dole ta kwaso su gida. Autanta yana cikinsu, kuma tun tafiyarsa ko waya ce ta yi ƙara sai gabanta ya faɗi.

Yayanta ɗan majalisa ne, yana cikin kwamitin tsaro, kuma ɗan jam'iyya mai mulki. Ta sha ganinsa a talabijin yana gyaɗa wa ministan tsaro kai, har takan ji kamar ta jefi akwatin da takalmi.

"Yaushe za a fara?" ta tambayi sakatariya.

"Za ki ji ƙararrawa, Hajiya. In ta fara kaɗawa, kowane ɗan majalisa sai ya shiga zaure kafin ta tsaya. Tana tsayawa a rufe ƙofa. Ko wane ne kai, in kana waje ba ka da ƙuri'a."

Maganar ta zauna wa Malama a rai.

Da aka shigar da ita ofis, ta tarar Yaya ba shi kaɗai ba ne. Mai tsawatarwa na jam'iyyarsu, wanda aikinsa shi ne tabbatar da kowa ya bi layi, ya baje a kujera yana kaɗa ƙafa.

"Sarkin rigima, ke ce da rana tsaka?" in ji Yaya. "Wa kika bar wa ɗalibanki?"

"Yaya, a kan Auta na zo. Kai ka yi masa huɗuba, a bayanka ya yi wayo. Me za ka jefa?"

Yaya ya saci kallon baƙonsa, ya shafa gemu. "Harkar tsaro ba a yi mata gaggawa, ƙanwata. Ki je gida, zan zo."

Mai tsawatarwa ya yi murmushi. "Honarabul namu ne, Hajiya, ki kwantar da hankalinki."

Ai nan hankalin ya ƙara tashi. Sai ga ƙararrawa ta ɗauka, tana ratsa bango. Mai tsawatarwa ya miƙe ya fita yana cewa kada a makara. Yaya ya juya ɗaukar hularsa. Malama ta tura ƙofa, ta murɗa mukulli, ta jefa shi can ƙasan jakarta. Lissafinta mai sauƙi ne: in ba za ta samu a'a ba, ta rage musu eh guda.

"Me kike yi haka?"

"Ba inda za ka."

Fuskar Yaya ta sauya. Ya matso, ya rage murya. "A'a zan jefa. Mu kaɗan ne muka shirya a ɓoye. Kina so in faɗa a gaban mutumin nan ne? Ba ni mukullin."

"Haka ka ce bara za ka sa a dawo da shi kusa da gida."

"Na ce, kuma na kasa. Wannan karon hannuna kawai zan ɗaga. Don Allah, ƙanwata."

Ta tsura masa ido. Ta san Yaya in yana zuba siyasa, muryarsa santsi take yi. Yanzu rawa take, kamar ranar da mahaifinsu ya rasu. Sai ta gane gaskiya yake faɗa.

Ta zazzage jakar a ƙasa. Alli, jan biro, maganin hawan jini, carbi, duk suka watse, mukullin ya shige ƙarƙashin kabad. Yaya ya durƙusa da babbar rigarsa yana laluba. Da aka buɗe, ya ruga ba hula, ita tana biye da takalmi da waya a hannu. Suna kan matakala ƙararrawar ta yi shiru.

Mai gadin zauren ya riga ya haɗa ƙyauren. "Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe. Ka fi ni sanin doka."

Suka tsaya gaban talabijin ɗin da ke barandar, ba mai kallon wani. Aka ƙirga hannuwa, ɓangarorin biyu suka zo daidai. Kakakin majalisa ya gyara tabarau, ya ce tunda an yi kunnen doki shi zai raba, ya bi bayan gwamnati, ya buga guduma.

Yaya bai yi mata faɗa ba, kuma da ya yi da ta fi jin sauƙi. Ya zauna a kan matakala yana haki.

Wayarta ta yi ƙara a hannunta. Auta ne, muryarsa na yankewa saboda nisa.

"Umma, an ce yau ne. Kawu ya samu ya shiga?"