Idanu Tamanin

Wiebe ya saki cokali cikin miyar wake har ta fallatsa a teburin Baba.

"Fenna, lissafi na ce ki duba mini, ban ce ki haƙa mini kabari ba."

"Yaya, mutum arba'in ka ɗiga wa maganin nan. A takarda kuma ka rubuta tamanin."

"Idanu tamanin! Ko ke ido ɗaya gare ki?"

"Idon dama da na hagu jini ɗaya suke sha. Abin da ya sami ɗaya, da wuya ya bar ɗan'uwansa. Ka kira mutum ɗaya shaida sau biyu ne, hula kawai ka sauya masa."

Yayana likitan ido ne a wani asibiti a lardinmu na Friesland, ni kuwa lissafin binciken likitoci ne sana'ata. Da na ƙirga mutane maimakon idanu, sai maganinsa ya tashi daidai da ruwan gishiri. Wallahi ya ba ni tausayi. Kwantiraginsa na gab da ƙarewa, ga 'ya'ya uku, kuma a wajensu wanda bai wallafa bincike mai daɗin ji ba, ƙofa ake nuna masa.

"Kowa haka yake yi," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Shugaban sashenmu ma ya gani, ya ce ya yi."

Baba, wanda hawan jinin ido ya fara ci wa gani, ya laluba ya dafa hannunsa. "Ke dai tun kina ƙarama kin iya ɓata wa mutane biki. Bar yaro ya ci abinci."

* * *

Na cire sunana daga binciken, amma takarda ta fita. Na rubuta wa mujallar da ta wallafa ta, shiru kamar an shuka dusa.

Da aka buɗe gwaji na biyu na maganin, Baba ya ba da sunansa, ya ajiye tsohon maganinsa. Na roƙe shi kada ya yi. Wiebe ma ya roƙe shi, amma ya kasa faɗin dalili.

"Ɗana ya yi magani, in je in ɗiga na wani?"

* * *

Ranar da Baba ya cika shekara saba'in, maƙwabta suka taru shan kofi. Baba ya ɗauko mujallar yana nuna musu, ya riƙe ta kai a ƙasa. Wiebe na tsaye bakin taga, ya ba mu baya.

"Fenna, zo ki karanta musu wurin sunan yayanki."

Na karɓa, na juya ta daidai, na karanta.